Liƙin da Na Yi wa Bature a Doha

Na yi abin kunya iri-iri a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandamali a Doha na yi wa Bature liƙi ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Sai na fara da Baba kafin a gane haukan nawa. Mahaifina makaɗin gurmi ne. Da gurmin nan ya ɗauki nauyin karatuna har na zama injiniya, ni kuwa (Allah ya yafe min) tun ina sakandare nake ɓoye sana'arsa. In an tambaye ni sai in ce manomi ne. Duk bikin da na san zai yi wasa, ranar ciwon kai ke kama ni. Waɗanda ba danginsa ba ma sukan tashi su manna masa kuɗi a goshi, ɗan cikinsa bai taɓa yi ba. Bayan na samu aiki a Katar yakan tsokane ni a waya: "Injiniya, yaushe za ka shigo fili ka yi wa tsohonka kara?" Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: "Baba, sai na zo hutu."

Ya rasu lokacin korona, jirage duk a tsaye. Ni kaɗai na yi zaman makokina a ɗakina na unguwar Bin Mahmud da ke Doha, ina karɓar gaisuwa ta waya.

A cikin makonnin nan ne wayata ta jefo min waƙar wasu samari huɗu 'yan Ingila. Da farko dariya ta ba ni. Mawaƙin ba ya rera komai, magana kawai yake cikin fushi, kamar mai haya yana faɗa da mai gida. Amma a ƙarƙashin surutun akwai wani jita mai kaurin murya da ke maimaita kiɗa ɗaya, ba ya gaba ba ya baya. Wallahi hannun Baba na ji. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Daga nan na zama ɗan gari a harkarsu. Na san a garejin kawun mai ganga suka fara, na san mawaƙin tsohon ma'aikacin sito ne, na san faifansu na farko ya fito daidai lokacin da aka rufe gidajen wasa, sai a ɗakuna irin nawa suka yi suna. (Ni da ban san sunan waƙoƙin ubana guda biyar ba.) Waƙoƙinsu duk a kan tsadar haya ne, da aikin wahala, da masu kuɗin da ke ganin kowa na sayarwa ne.

Da gasar kofin duniya ta zo, sai na ji za su yi wasa a wani ƙaramin dandali da aka kafa wa baƙi a bakin teku. Na nemi sababbin takardun riyal, na sa farin kaftanina mai sitati, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bayan la'asar na isa, na tarar da Turawa cikin gajerun wanduna suna ta tsalle suna bangazar juna.

Na daure waƙa uku. A ta huɗu jitan nan ya ɗauko kiɗan da ya fara kama ni, sai kawai na ga ƙafafuna sun hau matakala. Na bi ta gaban mai jitan, ya sunkuyar da kai gashi ya rufe masa goshi, don haka na wuce wurin mawaƙin. Yana jiƙe da gumi, idonsa a rufe. Na manna masa ta farko, ta zauna daram. Na ƙara ta biyu, ina ɗan rausayawa yadda ake yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne waƙar da yake yi. Ita ce ta attajirin da ke watsa wa talaka kuɗi a fuska. Ga kuma mutum cikin doguwar farar riga, a Doha, yana aikata hakan a gaban jama'a.

Kiɗa ya tsaya. Mawaƙin ya ɓare takardar daga goshinsa, ya dube ta, ya dube ni, ya ce a lasifika, "Jama'a, ga mutumin da nake ba ku labari, ya zo da kansa."

Ihun da aka yi min ban taɓa jin irinsa ba. Wayoyi duk suka ɗago. Ni kuwa ina tsaye da ragowar takardu a hannu, ina murmushin da ya ƙi barin fuskata.

Wani mai gadi ƙato ya riƙo hannuna ya sauko da ni. Muna zagayawa baya na ji ya fashe da dariya ya ce, "Kai Alaji, nan ba biki ba ne fa! Wa ya aike ka?" Ashe ɗan Zangon Kumasi ne. Jin Hausa a bakinsa ya ƙarasa ni, na ce, "Ɗan'uwa, babana makaɗi ne. Ya rasu ban taɓa yi masa ba."

Ya daina dariyar. Ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho. Amma wannan Bature bai san komi ba, ka ba shi tsoro banza. Yalla, bi nan ka fita, kalas, magana ta ƙare."

Na tako har gida a ƙafa, ina jin kewar Baba fiye da kunyar. Har yanzu ina sauraron yaran nan, ban riƙe su da komai ba. Abin da na koya dai shi ne, in kana da wanda ya cancanci liƙinka, ka tashi ka yi masa tun yana fili, ko hutu bai zo ba. In ka bari ya wuce, duk goshin da ka samu daga baya na wani ne, kuma mai gadi ne zai raka ka.