Ranar da Idirisa Mai Tabarau Ya Ga Wata

Duk wanda ya ce Maraɗi ba ta yi sa'a ba a zamanin Faransa, to bai san Idirisa Mai Tabarau ba. Allah ya ba wasu garuruwa kogi, ya ba wasu dutse, Maraɗi kuwa ya ba ta Idirisa. Kafin zuwansa, in daga bakinsa za ka ji, mutanen gari lalube suke yi: manomi ya yi shuka a gonar maƙwabci, mace ta kai wa mijin wata tuwo. Shi ne ya tausaya, ya hau kamyo, babbar motar kaya, da ƙullin fatu ya tafi Kano, ya dawo da akwatin ƙarfe cike da tabarau. Ya kafa rumfa a Sabon Gari, ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Gani, bai wahalar da kowa da kiɗa ko rawani ba.

A faɗi gaskiya, rumfar ta yi rana. Lokotoro, wato likitan Nasara, ɗaya ne ga ƙasa guda, ina ya ga lokacin idon tsoho? Akwai malamin da ya sake ganin wasali a littafinsa, akwai maɗinkin da ya daina roƙon a sa masa zare a allura. Sai dai duk wanda ya dace, sa'a ce ta fi sammako, don Sarkin Gani ba ya auna ido. Daraja yake aunawa.

"Ku saurara, jama'a," haka yake cewa, yana shafa akwati. "Ni na zauna da masana a Kano. Tabarau kamar riga ne. Mai kauri na manya, marar kauri na talakka. Kun taɓa ganin anka ba bara babbar riga?"

Zaman nan na Kano, a tashar mota ya yi shi, yana jiran kamyo ta cika.

Da yake babu wanda ya kai shi girma, mafi kaurin duka shi ya ɗora wa hancinsa, alhali idonsa garau yake. Tun daga ranar ƙasa ta daina tsayawa wuri ɗaya a gabansa. Sai ya koma tafiya sannu-sannu, yana ɗaga ƙafa sama kafin ya sauke, kamar mai tsallake kwata. Mutane suka ce ƙasaita ce. Ya daina amsa gaisuwa sai an yi magana ya gane murya, aka ce ai haka manya suke.

Wani attajirin gyaɗa ya zo daga Jiratawa da alkyabba. Idirisa ya dubi alkyabbar, ko dai ya dubi inda yake zaton take, ya ba shi mai kauri. Bawan Allah ya fita ya yi wa turken jaki sallama, ya dawo yana ɗingishi da ƙorafi.

"Haƙuri za ka yi," in ji Sarkin Gani. "Idonka ne bai saba da gaskiya ba. Da can ƙarya yake nuna maka."

Sai kuma wata tsohuwa, Uwani, mai kaɗin auduga daga Tsibiri, wadda zare ya fara ɓace mata. Ta sa hannu cikin akwati ta ɗauki mai kauri ta maƙala, ta dubi tafin hannunta, ta yi salati. Rabonta da ganin zanen hannun nan har ta manta. Idirisa ya fizge.

"Iya, wanga na masu rawani ne. Mi za a ce in anka gan ki da irin nawa?"

Ya ba ta wani siriri da bai fi ruwan randa ba, ta koma Tsibiri da hazonta. Wannan kam abin takaici ne, ba na dariya ba. Girman kai rawanin tsiya.

Sannu a hankali kasuwa ta ja baya. Aka fara cewa rumfar Idirisa ka je da ido biyu, ka komo da sanda. Azumi ya kama, ya yi nisa, akwati na nan cike, ga wanda ya ba shi kayan a Kano yana aiko da gaisuwa mai nauyi. Idirisa ya ga in bai yi wani abu ba kafin salla, sarautar gani za ta koma sayar da fatu.

A al'adar garin, ranar ashirin da tara ga azumi kowa kan fito bayan faɗuwar rana ya dubi yamma. Wanda ya riga ganin jinjirin wata sai ya je gaban alƙali ya ba da shaida, a yi masa tambayoyi, in ta tabbata a buga tambari, a ba shi goron albishir, sunansa ya kwana a bakin kowa. Idirisa ya tsaya tsakiyar kasuwa ya daki ƙirji.

"Bana ni zan ga wata! In wani mai tsiraicin ido ya riga ni, na rufe rumfa, ku kira ni da sunan da kunka ga dama!"

Baki shi ke yanka wuya. 'Yan kasuwa suka ce sun ji, kuma in ya gani, kowa zai saya.

Ranar ta zo da zafi irin na bazara, kowa na fatan kada a ƙara ko yini ɗaya. Da aka sha ruwa, Sarkin Gani ya sa aka jingina tsani a soronsa, don bai kamata ya nemi wata daga inda talakawa ke nema ba. Matarsa Atika ta riƙe tsanin. A hawa na uku ƙafarsa ta nemi matakin da babu shi, fuskarsa ta gaisa da itace, tabarau ya yi ƙas. Ya gyara masa zama, ya ce gwada ƙarfin tsanin yake yi.

Yana hawa ya fuskanci yamma. Ga shi nan! Siriri, lanƙwasasshe, yana sheƙi cikin jan sararin magariba.

"Wata! Na ga wata!"

Unguwa ta ɗauka. Mata suka rangaɗa guɗa, turame suka fara amsawa, aka aika a kamo kaji. Waɗanda suka duba ba su ga komai ba suka zargi idonsu, wasu har suna tambayar kuɗin mai kauri. Aka ɗauko Idirisa kamar ango zuwa ƙofar alƙali, yana tafe yana jawabi a kan duhun da ya tarar da garin a ciki.

Alƙali tsoho ne marar gaggawa. Ya fito fili, ya ce, "Malam Idirisa, nuna mini inda ka gan shi."

Idirisa ya nuna yamma. Alƙali ya duba, liman ya duba, babu komai sai jemagu.

"Juyo nan mu yi magana," in ji alƙali. "Ƙahonsa ina ya dosa?"

Idirisa ya juyo gabas inda alƙali yake tsaye, sai ya yi turus. Ya ɗaga yatsa a hankali.

"Allah gafarta malam... ga shi nan kuma."

"Ina?"

"Bisa rawaninka."

Alƙali ya miƙa hannu ya zare tabaran, ya ɗaga shi wajen fitila. Ga tsaga nan a gilashin dama, siririya, lanƙwasasshiya, kyakkyawa, inda tsani ya sumbace shi. Ya mayar masa, ya ce, "Watanka na da kyau, amma kai kaɗai za ka yi salla da shi. Jama'a, gobe azumi."

Kajin da aka riga aka yanka ba su ji wannan hukunci ba. Washegari rana ta buɗe da gayya, kuma duk wanda ƙishirwa ta kama ya san sunan da zai ambata. Rumfa ta yini a rufe.

Da magariba wata ya fito sarai, yara na tsalle suna nuna shi, tambari na tashi. Sarkin Gani ya koma kan soro, shi da Atika, da wani sabon tabarau marar tsaga, mai kauri kamar gindin kwalba. Ya duba yamma, ya duba sama, bai ga komai ba sai hazo.

"Atika," ya ce ƙasa-ƙasa, "wai ina yake?"

Ta kama kansa ta juya, ta zare masa tabaran. Ya gan shi tas, har da ɗan tauraron da ke gefensa. Ya tsaya yana kallo, abin ya ba shi sha'awa. Can ya ji motsin maƙwabta a ƙasa.

"Maza mayar mini," ya ce, "kada a gan ni haka."