Ranar da Na Yaƙi Sandar Gola

Akwai abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ko na so, wato yammar da na fara ganin Rifkatu zaune a bayan ɗakin karatu tana zana zakara a jikin garkuwa, fenti har gwiwar hannunta. Muna aji huɗu a sakandare a nan Jos, shekarar 1978. Ni kuwa a lokacin ƙananan littattafan soyayyar da ake bajewa a kasuwa sun gama cinye mini kai, duk yarinyar da ta yi mini sannu sai in fara zaɓa wa 'ya'yanmu suna.

Malaminmu na tarihi, Mista Dung, shi ya ƙudura sai mun nuna yaƙin tsoffin Girkawa ranar rabon kyaututtuka. Mutumin gwani ne. Ya samo tsoffin kwanukan ɗiban kuza aka sa musu maɗauri suka zama garkuwa, wani maƙeri a Tudun Wada ya ƙera mana kwalkwali na langalanga mai rufe fuska, ido kawai ake gani. Kan kowane mashi an naɗe shi da tsumma. Rifkatu ya ba aikin duba kaya da riƙe usur, kuma ba ta wasa. Sai ta matsa kan mashinka ta ja igiyar haɓarka kafin ka shiga fili. (Nakan sassauta tawa da gangan don ta daɗe a gabana.)

Dokar malam ɗaya ce: "Garkuwarka ba taka ba ce kai kaɗai. Rabinta na wanda ke hagunka ne. Wanda ya bar sahu ya tsiraita ɗan'uwansa." Wanda ke haguna shi ne Pam, abokina, siriri kamar sillen kara.

"Ka ga haƙarƙarina na hannunka fa," in ji shi.

"Haba, sa ranka a inuwa," na ce.

To amma abin da ke damuna daban ne. Mu ashirin, duk fuska a rufe, yaya za a yi Rifkatu ta san wane ne jarumin? Ana buga ganga, iyaye sun cika filin ƙwallo, na kwance igiya na ture kwalkwalin baya ya zauna a ƙeya. Na daka tsalle na fita sahu ina ihu.

Karon farko garkuwar wani ta bugi kafaɗata, kwalkwalin ya juya ya rufto, ramukan ido suka koma wajen kunnena. Duhu! Na ji ƙarar kwanuka, na ji an yi "wash!" na ji usur. Amma jarumi ba ya tsayawa don usur. Na laluba na ci karo da wani ƙato da ya ƙi ja da baya, na dinga sukarsa iya ƙarfina. Jama'a na ta sowa, ni kuma ina cewa a raina, yau ta gan ni.

Ashe sandar gola ce. An tsayar da wasa tuntuni, ni kaɗai nake fama.

Da Mista Dung ya zare mini kwalkwalin (sai da kunnena ya kusa bin sa), abin da na fara gani shi ne Pam a ƙasa riƙe da gefensa, mashi biyu sun same shi daidai inda garkuwata ya kamata ta kasance. Rifkatu na durƙushe tana tallafe da kansa, tana ba ƙarti umarni su matsa ya sha iska. Wallahi ko a lokacin sai da ta burge ni. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya.

"Oga jarumi, tsumman kan mashin nan shi ya hana ka jawo ajalin abokinka yau. Ɗauko ruwa."

Na ɗauko, a cikin kwalkwalina, yana yoyo.

Pam ya yi mako biyu ba ya iya dariya sai ya dafe ciki, kuma duk wanda ya gan ni sai ya tambayi lafiyar gola. Abin da na koya shi ne, in ka bar sahu don a kalle ka, wanda ka bari a baya za a kalla. Rifkatu ce ta raka shi asibitin makaranta ran nan, ta kuma riƙa kai masa kunu. Yanzu babbar nas ce mai ritaya a Jos Jarawa, 'ya'yansu biyar da Pam. Kawu suke kirana.