Laccar da Na Yi a Elmina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jirgin ruwanmu ya tsaya a Takoradi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina koyar da tarihi a Gombe, aka tura ni kwas Ingila. A jirgin na haɗu da Jummai, wata nas 'yar unguwar Bolari ta Gombe. Tun daga Legas nake son in burge ta, amai ya hana ni.

Da aka ce za a kai mu tsofaffin garuruwan bakin teku mu wuni, na ce yau ranata ce.

Elmina kam ta ƙayatar da ni. Ga kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala, ga farar ganuwar Turawan Fotugal tsaye a kan dutse, teku na ta dukanta shekara ɗaruruwa ba ta gusa ba. Ni da na taso ban san ruwan da ya fi kogin Dadin Kowa ba, sai na saki baki.

Kafin mu shiga, na hango wani ɗan gini na dutse a gefe. Na ja Jummai da wasu fasinjoji, na gyara murya.

"Wannan ya girmi ganuwar kanta. Dubi dutsen! Maginan yanzu ba su iya irinsa ba."

Na shafa bangon, har na cire hula (Allah Ya sani ban taɓa karanta komai a kansa ba).

Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya miƙe, ya yi sallama da Hausa garau. Ashe mutumin zango ne, unguwar Hausawan garin.

"Malam, na gode da yabo. Ni na gina shi bara waccan. Makewayin baƙi ne, ƙofar tana ta baya."

Jummai ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Na rasa inda zan sa hannun nan da ya shafi bango.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya riƙe hannuna ya zagaya da mu cikin ganuwar, ya nuna mana ɗakunan duhu da aka tsare bayi, da 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa teku. Bai yi boko ba, amma ko ni mai takarda ban taɓa jin darasi irin nasa ba. Daga nan muka fito muka nufi mota.

A mota Jummai ta ce, "Malam, aƙalla ka san aiki mai kyau."

Tun daga ranar, duk ginin da ya burge ni sai na zagaya na ga ƙofarsa kafin in buɗe baki.