Ranar da Anti Rahila Ta Wanke Mini Bincike

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gabatar da bincikena na ajin ƙarshe ba, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikina shi ne nuna yadda funfuna (e, irin wadda ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace) ke cinye launi daga ruwan rini. Na sha wuya! Na bi masu rini ina roƙon ruwan da suke zubarwa a kwata, suna mini kallon mai taɓin hankali. Na cika kwalabe shida, na zuba funfuna, na jera su a ɗakina a gidan Anti Rahila, ƙanwar mahaifiyata, a Gangaren Tudu.

Na je Agwada gaida iyayena kwana huɗu. Da na dawo, ruwan da na bari shuɗi ya koma garau. Na yi tsalle, na ce Abuja ta kusa jin sunana. (Ban tambayi kaina ina funfunar ta shiga ba. Mai murna ba ya tambaya.)

Ranar gabatarwa na sa kwat ɗin aro, na ɗaga kwalba a gaban malamai da 'yan ajinmu. Wata farfesa ta karɓa, ta buɗe, ta shinshina.

"Bitrus, funfunarka ƙamshin bilic take yi?"

Ni da na sha warin kwata wata uku za a yi wa zargin ha'inci? Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba wanda ya taɓa kwalaben nan, kuma ina da shaida. Na kira Anti, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Anti, akwai wanda ya shiga ɗakina?"

"Ba kowa sai ni. Wannan ƙazantar da ka tara? Na zubar, na wanke kwalaben da bilic, na cika maka da ruwan rijiya. Ko sannu ba ka ce mini ba!"

Ajin ya fashe da dariya. Farfesa har da share hawaye, sannan ta ce in sake aikin daga farko. Wani wata uku cur!

Abin haushin, da na koma gida ina huci, ni aka sa na ba da haƙuri.

Tun daga ranar, in na ga sakamako ya yi kyau fiye da kima, sai na shinshina shi kafin in tara jama'a.