Yadda Ake Cika Garaji da Motar Ƙanin Mata

Kai da kake son buɗe garaji na tada tsofaffin motoci, alhali abin da ke aljihunka bai isa sayen guduma da ƙotarta ba, matso kusa. Ni ne Nomau na Zango. Shekarata saba'in da wani abu. Ban taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba, amma na yi karen mota a hanyar Bilma, na kwana tara cikin rairayi ina shan ruwan radiyata, kuma babbar mota ta taɓa zamewa ta danne ni tun hantsi har azahar, da aka ɗaga ta aka same ni ina barci. Mutum irin wannan in ya ba ka shawara, da hannu biyu ake karɓa. Ga alkawarina: bi matakan nan yadda na jera su, kafin damina ɗaya ta wuce garajinka zai cika da kayan aiki har maƙwabta su fara zuwa aro. Ni na gwada, kuma ya cika.

Mataki na ɗaya: Samo mota, amma ba taka ba

Wanda ya fara koyon aski a kansa, shi ke kwana da ciwo. Nemi motar wani, kuma mafi kyau ta ƙanin matarka. Abokin wasanka ne. Duk abin da ka gaya masa rabinsa wasa ne, kuma kai ne za ka zaɓi wane rabin daga baya. Ba zai kai ka kamisariya wurin 'yan sanda ba, don yayarsa na gidanka.

Nawa shi ne Tahiru na Hamdara, ƙanin matata Shatu. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu wata Fijo bashe mai buɗaɗɗen baya, ta shekara tara a bayan rumbu kaji na ƙwai a cikinta. Kowace kaka masu motar haya su ke cinye ribar gyaɗar Tahiru kafin ta isa kasuwar Mirriya. Bana ya gaji, ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa mutanen garinsu cewa gyaɗarsa da tasu duk a motar baba za su je kasuwa. Ya sayar da raguna biyu, aka jawo masa ita har Zango a ruwan farko, ya damƙa mini kuɗin ragunan.

"Yaya Nomau, za ta tashi kuwa kafin kaka?"

Na ce masa ni da na tashi daga ƙarƙashin babbar mota, wannan 'yar ƙwaryar ce za ta gagare ni? Ya yi dariya ya hau motar Mirriya ya koma gona. Ka lura: manomi da damina ba ya da lokacin leƙo ka. Wata huɗu kake da su.

Mataki na biyu: Kuɗin farko na ido ne

A tsallaken hanya akwai wani bakanike, Safiyanu, mai takardar makarantar sana'a a cikin gilashi, ya rataye ta inda ya kamata a rataye agogo. Ya tsallako ba a kira shi ba, ya ce in fara da kirik na ɗaga mota da ƙafafun ƙarfe da za su riƙe ta, sai jerin kile na kwance kusoshi, sauran kuɗin kuma in adana su don kayan cikin inji. Ya ce abin da ke kare ran mai aiki shi ne farko, abin ado shi ne ƙarshe. Ka ji maganar wanda bai taɓa shan ruwan radiyata ba.

Kada ka saurari irinsu. Wa ya taɓa tsayawa a garaji don ya hango kile? Abin da na saya shi ne allo babba, aka rubuta sunana a kai da jan fenti. An ce mini rubutun ya yi kyau. Sai shuɗiyar rigar aiki, wadda na shafa wa baƙin mai tun kafin in sa ta, don sabuwar riga tana tona asirin bakanike. Sai kujera mai jingina, domin babban gwani a zaune yake tunani. Sai butar shayi. Da abin da ya rage na sayi guduma.

A nan kuɗin raguna suka ƙare. Kada hankalinka ya tashi. Yanzu aikin ya fara.

Mataki na uku: Kirik, aronsa ake yi

Abin da za ka yi amfani da shi sau ɗaya ba a sayensa. Ari na maƙwabci. Ƙafafun ƙarfe kuwa, wannan ɓarnar dukiya ce a Damagaram. Ruwa ne ke mana wuya a garin nan, dutse kuwa Allah ya hore mana, har cikin unguwa yake zaune kamar mai gida. Ɗauko huɗu, ɗora motar a kai, cire ƙafafunta, ka mayar wa Safiyanu kayansa da sauri kafin ya ƙara maka wata shawarar.

Mataki na huɗu: Mota ita ke sayen kayan gyaranta

Wannan shi ne zuciyar ilimin, kuma ba a lakwal ake koyar da shi ba. Zauna a kujerarka ka dubi tayoyin nan huɗu da ka jingine a bango. Me suke yi? Mota na kan dutse. Taya da ba ta taka ƙasa ba ta da bambanci da gammo. Rana ma cin ta take. Ashe kyautatawa ce ka kai su wurin mai kayan mota, ka dawo da jerin kile, daga ƙarami har babba. Ranar da motar ta tashi sai a sayi wasu tayoyin, sababbi ma.

To, kile kuwa ba ya son zaman banza. Da zarar ya shigo hannunka za ka ga abubuwa da yawa a jikin motar nan da ba a bukatarsu yau. Batir, me zai kunna? Radiyata, me za ta sanyaya? Fitilu, ina za a je? Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na kai su inda ake so, na dawo da sarƙar ɗaga inji, irin mai ƙugiya da ake ratayawa a reshe. Ko Safiyanu ba ya da ita. Ranar da na rataye ta a dogon yaron ƙofar garaji, masu kabu-kabu tsayawa suka riƙa yi suna kallo.

Sarƙa kuma ba a rataye ta don ado. Dole a gwada ta. Na ɗaga injin, ya fito lafiya lau, ya kwana biyu yana lilo a bishiya kamar tulun zuma. Ana nan sai ga wani mai bashe daga hanyar Magarya, injinsa ya ƙone, yana neman irinsa ko da matacce ne. Yanzu kai, musulmi ya zo da bukata, ga abu a rataye ba ya komai, sai ka hana shi? Da kuɗin injin na sayi injin walda da kwamfaresar fesa fenti, na hannu amma masu rai.

Dubi jerin da kyau: kile ya kawo sarƙa, sarƙa ta kawo walda. Kowane kayan aiki shi ke buɗe maka hanyar na gaba. Safiyanu ya shekara goma sha biyu yana tara nasa kaɗan-kaɗan daga guminsa. Ni wata uku.

Mataki na biyar: In mai mota ya leƙo

Zai leƙo, ko sau ɗaya, bayan noma na biyu. Kafin ranar, fesa mata fenti. Ni shuɗi na yi mata, mai sheƙi, har da jan layi a gefe. Murfin inji kuwa rufe shi, ka ɗaure da waya, ka ce fenti bai bushe ba. A bar kaza cikin gashinta.

Tahiru ya zo ya zagaya ta sau uku, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ko a zamanin baba ba ta yi wannan kyau ba. Ya tambayi tayoyi, na ce suna inda rana ba ta taɓa su, kuma ban yi ƙarya ba. Ya ce yana son ya ji kukan injin, na ce inji yana hannun ƙwararru, wannan ma gaskiya ce. Daga nan na zuba masa shayi na ɗauko labarin hanyar Bilma tun daga farko. Ka tanadi labari mai tsawo irin wannan. Kafin in kai kwana na biyar cikin rairayi, motar ƙarshe ta Mirriya na shirin tashi, ya miƙe da gudu yana godiya.

Matsalar tana cikin gida. Shatu ta fara tambaya me ya sa motar ubanta kullum ƙara kyau take tana ƙara rama. Na ce mata aikin ƙarfe ba na mata ba ne. Ta dube ni irin kallon da take wa hatsin da ƙwaro ya shiga, ta ci gaba da tankaɗe. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin daɗin shirunta ba.

Mataki na shida: Tanadi hujja

Gwani ba ya jira a kama shi kafin ya nemi magana. Tawa mai ƙarfi ce. Motar gado ce, Shatu na da rabo a ciki, kuma tunda ba a taɓa zama an raba ba, wa zai ce inji da tayoyi ba su ne rabonta ba? Abin matata na juya, a cikin gidana. Na gwada hujjar a kan mai shayin unguwa, ya ce bai taɓa jin irinta ba. Ka ga ke nan sabuwa ce.

Mataki na bakwai: Ranar kaka

Aka cire gyaɗa, aka zuba a buhu, mutanen Hamdara suka jera buhunansu a ƙofar gidan Tahiru suna jiran motar baba. Ya iso Zango da hantsi da sabuwar hula, har da jarkar mai a hannu. Ya kwance wayar da kansa ya ɗaga murfin. Ta wurin da inji yake zama, ƙasa ya gani, da wata kaza ta maƙwabta a kwance.

Bai yi ihu ba. Sai ya ajiye jarkar a hankali. Na karanto masa hujjata, ban rage komai ba. Ashe Shatu na bayana da kwanon fura.

"To, tunda rabona ne," in ji ta, "ni ban ce a sayar ba."

Tahiru ya zagaya garajin yana taɓa kaya yana tambayata da me aka sayi wannan, da me aka sayi wancan. Ni kuwa mutum ne mai alfahari da aikinsa, na gaya masa dalla-dalla. Ya gyaɗa kai ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo da shanun noma biyu da tsofaffin tayoyi biyu da Safiyanu ya ba shi. Ya ce in yanke akwatin bayan motar, in ɗora shi kan ƙarfen ƙafafun baya, in haɗa masa sandar ja. Shatu ta ɗauko kujerata mai jingina ta zauna tana kallo har na gama. Ka ga amfanin sayen injin walda da wuri. Da na bi shawarar mai takarda, da me zan yi aikin?

Amalanken ya fito shuɗi da jan layi, babu irinsa daga nan har Mirriya. Ina cikin yaba shi sai na ga Tahiru ya ɗauki akwatin kile ya ɗora. Ya hau bishiya ya kwance sarƙa. Ya kira masu kabu-kabu biyu suka taya shi ɗaga injin walda da kwamfaresa. Na tambaye shi ina za shi da kayan aikina.

"Yaya Nomau, wane kayan aiki? Ga tayoyina, ga batir ɗina, ga injina. Mota na kawo, mota zan mayar gida."

Na juya wurin Shatu don ta tsawata wa ƙaninta. Na tarar ta riga ta ɗaure ƙullin kayanta, an ɗora mata kujerar gaban motar a bisa kaya, ta hau ta zauna ta gyara mayafi. Ta ce za ta je ta taya su ɓarar gyaɗa, tunda yanzu sawu biyar za a yi zuwa kasuwa maimakon ɗaya.

Yanzu kai ka yi hukunci. Na ce garaji zai cika, ya cika. Na ce gyaɗa za ta je Mirriya a motar baba, a cikinta ta je. An ce ta isa bayan kasuwa ta cika farashi ya faɗi, kuma har yau mutanen Hamdara in sun ga Tahiru sai su tambaye shi ko shanun na shan mai. Wannan tsakaninsu ne. Ni tafiya aka ce in sa ta yi, ba a ce mini da me ba.

Wanke hannu

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da abin da ya same shi. In dutse ya zame, in ƙanin matarka ba mai dariya ba ne, in aka kira ka gaban mai unguwa, kada ka ambaci Nomau. Ni faɗa na yi aka rubuta, yatsana bai taɓa takardar nan ba, ko an buɗe ta a gabana ban san me ke ciki ba. Ba na karɓar ƙorafi, ba na ba da aron guduma.

Sai dai in hanya ta bi da kai Hamdara, ka tsaya ƙofar gidan Tahiru ka gaya wa Shatu, ba da sunana ba, cewa an gama ɓarar gyaɗa wata uku ke nan, ko ba ta lura ba.