Ramin da Kwamfutata Ba Ta Sani Ba

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Alhaji zagayen benen da muke gina masa a Gusau ba. Ni ne injiniya mai kula da tsaron ma'aikata, kuma abin taƙamata shi ne samfurin ginin da na haɗa a kwamfutar hannu. Ka juya shi, ka leƙa kowane hawa, duk inda mutum zai iya faɗawa ya fito da ja. Daga ofis nake tura wa kafinta hoto ya kewaye wurin da katako. (Sati biyu ban hau sama ba. In je in yi me, ga gini a tafin hannuna?)

Ashe Alhaji ya zo ya tarar makewayin hawa na biyu na fuskantar alƙibla, ya ce a juya shi. Da baki ya faɗa wa Baba Sani, tsohon magininmu mutumin Bunguɗu. Aka cike tsohon ramin bututu, aka fasa sabo a wani gefe, aka ɗora masa fallen silin.

Muna hawa Baba ya biyo ni. "Injiniya, wurin ga..."

"Baba, bari in gama da Alhaji."

Ina tafiya da baya, idona kan allo, ina nuna shingen katako (mai gadin lafiyayyen siminti). "Ranka ya daɗe, can ne kaɗai haɗari. Nan kuwa ko ido rufe..."

Ƙaras! Silin ya fashe da ni.

Hammatana ne suka tare ni a bakin sabon ramin. Ƙafafuna na lilo, a ƙasa kuma rodi ne tsaitsaye suna jirana. Ina jin kaina ina zamewa kaɗan-kaɗan, salati ma ya ƙi fita.

"Kak ka motsa!" in ji Baba. "Saki abin ga ka kamo hannuna!"

Wallahi sai da na yi shawara kafin na saki kwamfutar. Leburori huɗu suka zaro ni, rabin wandona ya zauna a ramin.

Alhaji ya daɗe yana leƙa ƙasa, sannan ya ce, "Injiniya, da ni ag gaba fa?"

Yanzu kullum sai na taka ginin da ƙafata, na gaida Baba, na tambayi abin da aka canja. Ita kwamfuta abin da na gaya mata kawai ta sani, ni kuwa ban tambayi kowa ba.