Ni da Jan Zakaran Surukata

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ni ne gwanin kokawar Bungudu. Babu ƙaton da ya taɓa kai bayana ƙasa. Da wannan taƙama na tafi Rawayya gaida surukata, Inna Habsu, sanye da sabon wando buje.

Ina tsugune kaina a ƙasa, kamar yadda ake yi gaban suruka, sai ta ce, "Wanga jan zakara za a yanka maka, amma bari maza su dawo daga gona. Don shi mai tallan nono ta daina shigowa gidanga."

Maza! To ni mene ne? Na ajiye kunya gefe, na miƙe na ce, "Inna, a kawo wuƙa kawai."

Na ware ƙafafu, na sunkuya irin tsayuwar fage. Zakaran ya dube ni da ido ɗaya, ya yi tsalle ya dira a wuyana. Na kwarara ihu na ruga, zariyar bujen ta tsinke. Ni na kai saman rumbu, bujen ya tsaya a ƙasa. Gogan ya haye kan bujen ya yi cara.

Inna ta juya fuska ga katanga don kunya, amma ina ganin kafaɗunta na rawa.

Ba a yanka shi ba. Surukina da ya dawo ya ce a gidansa ba a yanka wanda ya ci kokawa. Har na bar fage, duk ranar da na fito, kafin makaɗi ya taɓa ganga sai wani ya yi cara daga cikin taro.